Abin da Na Ji a Bakin Ruwa

Litinin, 23 ga Satumba, bayan La'asar

Yau kwana takwas. Masu gaisuwa sun fara raguwa, an naɗe tabarmin ƙofar gida, saura biyu. Na tono wannan kaye, littafin rubutu, cikin tsofaffin kayana na lakwal, makarantar bokon da na koyar. Tun da na ajiye alli ban sake rubuta abin da ya wuce sunana ba. Wadda nake gaya wa magana shekara talatin da ɗaya, matata Salamatu, tana kwance a maƙabarta, don haka takarda za ta ji.

Mutum biyar muka rasa ranar Lahadin nan, a jirgin da ya ɗauki ƴan zawiyarmu zuwa Mauludi a Malanbil. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa garinmu Gaya da can, ta ruwa kowa ke ƙetarawa. Ba zan rubuta yadda aka yi ba. Ina ciki, ya isa.

Alhaji Rashidu ya zo ɗazu. Mai kamiyoyi ne, manyan motocin kaya, shi ya yi wa zawiya rufi, shi ya sa fankoki, kuma ba ya barin kowa ya manta. Ya jira mutane suka tashi, sannan ya matso, ya kira ni Mushe yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe Rabo, jandarmomi za su kira waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya. Mun zauna mun daidaita magana. Siddo mai jirgin ne ya cika shi don kwaɗayi. Kowa haka zai faɗa. Lokacin haɗin kai ne."

Na ce, "Alhaji, kusa da inji nake zaune. Sau biyu Siddo ya ce jirgi ya cika. Na kuma ji wanda ya ce ya ɗauki sauran."

"Ruɗewa ce. Ka sha ruwa da yawa."

"Cikina ya sha ruwa. Kunnena bai sha ba."

Ya bar buhun shinkafa a zaure. Na sa an mayar masa.

Laraba, 25 ga Satumba, da hantsi

Malam Abduljalil ne ya faɗa. Mukaddaminmu, ɗan marigayi Shehu wanda ya kafa zawiyar. Ni na riƙe hannunsa ya rubuta harafin farko a lakwal yana ɗan shekara bakwai, yau kuma ni ne ladaninsa, ina tsaye bayansa sau biyar a rana.

Ba da mugunta ya faɗa ba. Mutum bakwai suka rage a gaɓa, rana tana ja, shi kuma murmushi yake yi. Ya ce, "Siddo, masu zuwa wajen Manzon Allah ba a barinsu a bakin ruwa. Ɗauke su." Na ji da kunnena.

Tun ranar jana'iza bai haɗa ido da ni ba. In ya yi sallama ya juyo, rawanina yake kallo.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan Magariba

Sau bakwai na ji kalmar haɗin kai yau a masallaci. Na ƙirga.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan Azahar

An saki Siddo, an ce ya zauna gida ya jira kira. Ya zo sallar Azahar.

Shekara ashirin da biyu mutumin nan yana zama da mu a wazifa. Ɗan Dandi ne, Hausarsa har yau tana karkacewa, kuma ba a taɓa yin taro a zawiya ba sai da kifinsa a tukunya. Ranar Lahadin nan mutum tara ya fito da su da hannunsa. Ni ne na shida. Ta wuyan riga ya ja ni.

Ya shiga sahu na uku. Na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa, aka bar shi tsaye kamar turke a tsakiyar fili. Ina gaba na gama iƙama, na waiwayo don duba sahu kamar kullum, na gani. Na bar wurina bayan liman, na ratsa sahu biyu, na je na haɗa kafaɗata da tasa. Malam ya daɗe bai yi kabbara ba.

Da muka fito wajen takalma Siddo ya ce, "Mushe, kada ka jawo wa kanka. Matarka ce fa a ciki."

Na ce, "Na san matata ce."

Ya tsaya yana dubana, kamar da sauran magana a bakinsa. Na duƙa na shiga neman takalmina alhali yana gabana.

Lahadi, 29 ga Satumba, da rana

Sati biyu. Ban fita ba.

Talata, 1 ga Oktoba, bayan Magariba

Dattawan zawiya sun miƙo mini takarda in karanta a mikoro bayan salla. An rubuta cewa saboda kwanciyar hankalin ƴan'uwa da haɗin kan jama'a, ana roƙon Siddo ya dakata da zuwa har sai hukuma ta gama aikinta.

Na karanta ta a zuci har ƙarshe, na naɗe, na mayar wa Alhaji Rashidu a gaban kowa.

Ya ce, "Aikinka ne sanarwa."

Na ce, "Aikina in kira mutane su zo. Shekara goma sha tara ban taɓa kiran wani ya tafi ba."

"Kai kaɗai za ka raba kan jama'a?"

"In mutum ɗaya da ke faɗin abin da ya ji zai iya raba ta, ai dama ba a haɗe take ba."

Ya ce in kawo makullin ɗakin mikoro. Na ciro shi daga jikin carbina inda yake ɗaure, na ajiye a kan tabarma. Ban miƙa masa a hannu ba, sai da ya duƙa. Malam yana zaune a mihrabi yana jan carbi, idonsa a rufe.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan Asuba

Issa, surukin Alhaji, shi ya kira salla. Yana ja inda ba a ja. Na amsa masa duk da haka, kiran ba nasa ba ne.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan Magariba

Na je zikirin Juma'a. Na zauna inda na saba a bakin farin ƙyalle. Muryoyi sun haɗu tsaf, ɗari da wani abu, kamar daga ƙirji ɗaya suke fita. Wanda ya wuce ta titi zai ce kaf Gaya ba mutanen da suka kai waɗannan son juna. Da aka tashi gaisawa hannaye suka riƙa tsallake ni.

A hanyar gida Tani ta tare ni. Ƴarta Khaulat tana cikin biyar ɗin, shekararta goma sha tara, saura wata biyu ta gama karatun ungozoma.

Ta ce, "Baba Mushe, an ce kai ke tsaya wa wanda ya kashe mini ƴa."

Na ce, "Tani, ba shi ya cika jirgin ba."

"To wa ya cika?"

Na gaya mata abin da Malam ya ce. Ta toshe kunne da gyalenta, ta ce in ji tsoron Allah, a hannun mahaifin Malam aka raɗa wa Khaulat suna. Ta tafi tana kuka. Ban bi ta ba. Ba zan janye ba, ko duk garin zai toshe kunne.

Litinin, 7 ga Oktoba, da yamma

Jandarmomi sun kira ni yau. Ajidan ɗin, hafsan da ke ɗaukar bayani, yaro ne a kaina, amma yana da natsuwa. Na faɗi inda nake zaune, na faɗi abin da Siddo ya ce sau biyu, na faɗi abin da Malam ya ce. Ya buga duka a na'urarsa.

Ya ce, "Baba, mutum ashirin da huɗu sun riga ka, bakinsu ɗaya. Kai kaɗai ne daban."

Na ce, "Na yi shekara talatin ina gyaran jarrabawa. In amsar yara ashirin da huɗu ta zo iri ɗaya har da waƙafi, na san abin da ya faru."

Ya yi ɗan murmushi. Sannan ya ce, "Akwai wanda ya ƙara magana bayan Malam?"

Na ce ban tuna ba.

Abin da na faɗa gaskiya ne. Duk abin da na faɗa gaskiya ne.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Na ji da kunnena. Su je su yi ta taronsu.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan La'asar

Rahinatu ta zo daga Karakara, ƴata ta fari, da goyonta. Surutu ya kai can. Mijinta ɗan zawiya ne shi ma, an ce masa ya ja kunnen surukinsa.

Ta share ɗakin uwarta, ta wanke tukwane, ta dafa tuwo. Sai da ta ajiye mini kwano ta zauna nesa kaɗan.

"Baba, me kake nema? Ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba Inna ba za ta dawo ba. Mutanen nan su suka yi mata wanka, su suka ɗauke ta. Gobe su za su ɗauke ka."

Na ce, "In sai na yi wa mutum ƙarya za su ɗauke ni, su bar ni, hukuma ta ɗauka."

"Ni fa? A cikinsu nake aure."

Na jawo kwanon gabana.

Can ta ce, "Akwai abin da ke damuna. Inna tana tsoron ruwa, kai ma ka sani. Ranar da safe mun yi waya, ta ce in ta ga jirgi ya cika gida za ta komo, Mauludin bana ya wuce ta. To yaya aka yi ta shiga?"

Na ce mata lokacin salla ya yi. Saura fiye da awa ɗaya.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da rana

Ba ta sake tambaya ba. Tana dai kallona in ina cin abinci.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan La'asar

Na je gidan Siddo can gangaren kogi. Ya rame. Yana zaune yana ɗinkin tarun da ba zai jefa ba. Matarsa Ajuma ta daina kai kifi kasuwa, don matan zawiya su ne masu saye, yanzu kuwa ko gaisuwarta ba su amsawa. Yaransu sun bar zuwa makarantar allo.

Na shiga ina jin kaina wani abu, ba zan ɓoye ba. Na ba su labarin ajidan da amsar da na ba shi. Na zaci za su yi dariya.

Ajuma tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Mun gode, Mushe. Rabin gaskiya ma wani abu ne."

Siddo ya ce mata da Dandanci ta yi shiru. Na ji, ai a garin nan aka haife ni.

Na ce, "Me take nufi?"

Ya ajiye tarun. Ya ce, "Ba komai. Ni ban gaya wa kowa ba sai ita. Ko jandarmomi ban gaya musu ba. Ka riga ka yi rashi, ba sai an ƙara maka ba."

Na tashi na fito ko sallama ban yi ba. Ni da na rasa makullina saboda shi, ni da aka daina gaisarwa saboda shi. Fushi na yi sosai. Har yanzu ina yi.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan Asuba

To, bari in rubuta.

Da Malam ya ce a ɗauke su, Siddo bai motsa ba. Ya riƙe igiyar inji ya sunkuyar da kai. Da an bar shi haka, ina jin da bai tashi ba. Ni ne na dafa kafaɗarsa. Na ce, "Siddo, Malam ya yi magana, kai kuma kana lissafi?" Mutane suka yi dariya.

Salamatu tana cikin bakwai ɗin. Shida suka shiga, ita ta tsaya a kan yashi da ƙunshin tufafinta a hannu. Ta girgiza mini kai. Na ji kunya a ce matar ladan ce kaɗai ta ƙi shiga bayan maganar Malam. Na ɗaga murya na ce, "Ke, shigo mana, kada ki ba ni kunya."

Ta tattare zanenta ta shigo.

Abin da na ji ke nan da kunnena, kuma muryata ce.

Talata, 15 ga Oktoba, da hantsi

Na gaya wa Rahinatu. Ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, ta goya ɗanta, ta ɗauki jakarta. Na ce ta bari in raka ta tasha. Ta ce, "Zauna, Baba." Ta tsayar da kabu-kabu a ƙofar gida ta hau.

Laraba, 16 ga Oktoba, da yamma

Sati uku ina nuna Malam da yatsa. Daɗi nake ji, ashe. Muddin ina faɗin nasa, ba sai na faɗi nawa ba. Su sun ɗora wa Siddo, ni na ɗora wa Malam. Bambancina da Alhaji Rashidu bai kai yadda na zata ba.

Wannan bai wanke su ba. Kada wanda ya tsinci kayen nan ya ɗauka na sauko. Ƙarya suka shirya, ƙarya ce har gobe. Sai dai in zan tsaya a gabansu, da kayana a kai zan tsaya.

Asabar, 19 ga Oktoba, kafin Azahar

Malam Abduljalil ya zo gidana da hantsi, shi kaɗai, ba mota, ba masu take masa baya. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa a zaure. Idonsa sun faɗa.

Ya ce, "Baba Mushe, tun ranar ban iya cin kifi ba. In na ɗaga hannu zan yi kabbara, muryata nake ji a bakin ruwa."

Na ce, "Ni ma tawa nake ji." Na gaya masa nawa. Ashe bai ji ba ranar, yana can gaban jirgi.

Sannan ya ce, "Ba ni na shirya maganar Siddo ba. Ina kwance a gidan likita suka zo suka ce sun gama. Sun ce in aka ji mukaddami ne, masu zaginmu a gari za su samu abin faɗa shekara goma, gidan da Baba ya gina zai watse."

"Kai kuma ka yi shiru."

"Na yi shiru. In na faɗa yanzu, jama'a za ta tarwatse."

Na ce, "Malam, ta riga ta tarwatse. Sahu kawai muke yi. Mutum ashirin da huɗu sun rantse a kan ƙarya, kowa ya san na kusa da shi ya yi, kowa yana tsoron na kusa da shi. Abin da ke riƙe da mu yanzu ke nan. Mahaifinka ya tara Bahaushe da Bazabarme da ɗan Dandi da Bafulatani a bakin ƙyalle ɗaya, ba don su rufa wa babba asiri su danne ƙarami ba."

Ya ce, "Me kake so in yi?"

"Ba zan ce maka komai ba. Na taɓa cewa mutum ya yi abu don babba ya yi magana, ka ga inda ya kai mu. Ni dai ran Juma'a, wajen sadakar arba'in, zan faɗi nawa. Naka ba zan sake faɗa ba, na faɗe shi ya isa. Yana hannunka."

Ya tashi. Ya sa takalminsa a bakin ƙofa ya wuce.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan La'asar

Alhaji Rashidu ya aiko Issa ya ce an tsara masu magana ran Juma'a, ba sunana, kuma ba za a ba ni mikoro ba.

Na ce ya gaya masa aji mai yara tamanin na riƙe shekara talatin, ba mikoro.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Na wanke farar rigata da kaina. Ba ta fita kamar da ba. Da ita zan je.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan Magariba

An yi sadakar a filin zawiya bayan an sauko daga Juma'a. Rumfa uku, mata a bayan labule, baƙi har daga Malanbil da Doso. Siddo bai shigo ba, yana tsaye can gindin darbejiya a ƙetaren titi. An yi karatu, an yi addu'a. Alhaji Rashidu ya karɓi mikoro ya gode wa jama'a da suka zama abu ɗaya a lokacin jarrabawa.

Yana ajiyewa na miƙe. Issa ya riƙo gefen rigata, na fizge.

Na ce, "Jama'a, ni ne Rabo, mijin Salamatu. Kun san ni. Na zo in faɗi abin da na yi, ba abin da wani ya yi ba. Siddo ya ce jirgi ya cika, ya ƙi tashi. Ni na dafa shi na yi masa ba'a har kuka yi dariya. Waɗanda suka yi dariyar suna nan zaune, sun san kansu. Matata ta ƙi shiga, ni na kira ta na ce kada ta ba ni kunya. Na je wajen hukuma na ɓoye wannan. Ina neman gafarar Allah, ina neman ta Siddo, ina neman ta duk wanda ya binne nasa. Nawa ke nan."

Na zauna. Daga bayan labule wata ta fara kuka a hankali.

Alhaji Rashidu ya ce, "Baƙin ciki ya taɓa dattijon nan. A shafa Fatiha."

Hannaye suka fara ɗagawa. Sai Malam ya ce, "A dakata."

Bai karɓi mikoro ba shi ma. Ya miƙe yana dafa sanda kamar tsoho, shi da bai kai arba'in da biyar ba. Ya ce, "Baba Mushe da hankalinsa. Kafin ya yi magana ni na yi. Ni na ce Siddo ya ɗauki sauran bayan ya ce jirgi ya cika. Na san kogi ya kawo, na san ba sana'ata ba ce, na faɗa don ina son a ce jama'ata ta fi yawa a wajen Mauludi. Na bari aka ɗora wa bawan Allah kwana arba'in. Wanda ya yi rantsuwa saboda ni, na ɗauke masa nauyin biyayyata, ya je ya gyara."

Alhaji ya ce, "Malam, ka rushe gidan ubanka." Ya kaɗe babbar rigarsa ya fita. Mutane suka bi shi, rumfa guda da rabi ta tashi. Wasu don fushi, wasu don kunya, ban iya rabewa ba. Baƙin Doso ko abinci ba su tsaya ci ba.

Malam ya ratsa filin ba takalmi, ya ƙetare titi zuwa gindin darbejiyar. Ban ji abin da ya ce ba. Na ga ya miƙa hannu. Siddo ya dubi hannun ya daɗe, bai karɓa ba, bai kuma tafi ba. Haka suka tsaya har aka kira La'asar.

Asabar, 26 ga Oktoba, da rana

Mun je wajen jandarmomi da safe, ni da Malam, a ƙasa. Mutum shida daga cikin ashirin da huɗun suka biyo mu, ba wanda ya kira su. Ajidan ya sake buga komai daga farko. Ya ce magana za ta je gaban alƙali, kuma mu shirya, ba za ta yi daɗi ba. Malam ya ce ya sani.

Direban motar Karakara ya ajiye mini ƙullin gyaɗa a zaure. Ya ce Rahinatu ce ta bayar. Na tambaye shi saƙo, ya ce babu.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan Azahar

Alhaji ya aiko an kwance fankokinsa. An ce zai buɗe wani wuri bayan tasha. Mun yi salla cikin zufa. Ba wanda ya mutu.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan Magariba

Mu ashirin da uku ne a wazifa yau, inda a da ƙyalle ba ya isa. Siddo ya zo. Ya zauna can ƙarshe, ya ce mini kada in ɗauka an gama, yaransa har yanzu ba su iya fita wasa. Na ce ban ɗauka ba. Ba mai iya duban wani sosai. Wanda ke damana yana cikin masu dariyar nan, na sani, shi ma ya san na sani.

Malam ya gyara zama zai fara, sai aka ɗaga labulen mata. Tani ce. Ba a taɓa ɗaga labulen nan ana zaune ba. Ta tsaya tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kaina.

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Tani, ki yafe mini."

Ta ce, "Ban yafe ba, Malam. Kai ma Baba Mushe ban yafe ba. Ban san ranar da zan iya ba. Amma a nan ƴata ta koyi karatu, ba zan bar muku wurin ba. Kullum zan zo, kullum za ku gan ni."

Ta ɗaure labulen a jikin ƙusa don kada ya sauka, ta shimfiɗa dardumarta daidai inda muke ganinta, ta zauna ta fito da carbi.

Ta ce, "Ku fara."

Muka fara.